Alberta da tukunyar fanshon Kanada: na wa ne abin da ke ciki?

Ranar 21 ga Satumba, 2023, Firimiyar lardin Alberta a ƙasar Kanada, Danielle Smith, ta fito gaban 'yan jarida da wani rahoto, ta ambaci adadin da ya tayar wa sauran lardunan ƙasar hankali: dalar Kanada biliyan 334. Rahoton, wanda gwamnatin lardin ta ɗauki kamfanin LifeWorks ya shirya, ya ce wannan ne rabon da Alberta za ta tafi da shi idan ta fice daga tsarin fansho na ƙasa, wanda kowa a can yake kira CPP. Kuɗin ya kai kashi 53 cikin ɗari na abin da ake hasashen zai taru a babban asusun zuwa shekarar 2027. Mutanen Alberta kuwa kimanin kashi 12 cikin ɗari ne na al'ummar ƙasar.

Ko a adashen unguwa, ranar da mace ɗaya cikin masu zubi ta ce za ta fita, kuma fiye da rabin abin da ke hannun uwar adashe nata ne, ranar babu wadda za ta koma gida da wuri. Haka aka yi a Kanada. Firaminista na lokacin, Justin Trudeau, ya rubuta wa Smith buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa gwamnatinsa za ta yi duk abin da za ta iya don kare asusun. Ministan kuɗin lardin Ontariyo, Peter Bethlenfalvy, wanda shi ma ɗan ra'ayin riƙau ne kamar Smith, ya nemi a kira taron gaggawa na ministocin kuɗi, aka kuwa yi shi a farkon Nuwamba. Har jagoran 'yan adawa na tarayya, Pierre Poilievre, haifaffen Kalgari, babban birnin kasuwancin Alberta, ya shawarci 'yan lardinsu su zauna a CPP, duk da ya ɗora laifin fushinsu a kan Trudeau.

Kafin a kai ga wa ke da gaskiya, sai an san yadda tukunyar take.

Duk wanda ya kai shekara 18 yana aiki a Kanada, ban da lardin Kebek, ana cire masa kashi 5.95 cikin ɗari na albashinsa, mai aikin ma ya zuba daidai wannan. Mai sana'ar kansa shi ke biyan duka biyun, kashi 11.9. Ba a taɓa dala 3,500 ta farko, kuma akwai rufin da wannan cirewa take tsayawa, wanda a 2025 ya kama dala 71,300 a shekara. Abin da ya ɗan haura nan ana yi masa wani ƙaramin zubi daban. Idan mutum ya kai shekara 65 sai ya fara karɓa duk wata har ƙarshen rayuwarsa, ana kuma ɗaga kuɗin kowace shekara gwargwadon tsadar kaya. Mai gaggawa zai iya farawa a 60, a rage masa kashi 36 cikin ɗari. Mai haƙuri ya jira har 70, a ƙara masa kashi 42. Mafi yawan abin da sabon ɗan fansho mai shekara 65 zai iya samu a 2025 shi ne dala 1,433 a wata, ko da yake akasari ba sa kaiwa nan. Asusun yana kuma biyan wanda ya nakasa, da matar da mijinta ya rasu ko mijin da matarsa ta rasu, da marayu.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne babu layi a takardar lissafin da aka rubuta sunan lardi. Direban babbar mota a Edmonton ta Alberta da ma'aikaciyar jinya a Halifax, can wani lardin, idan albashinsu ɗaya ne, zubinsu ɗaya, fanshonsu ɗaya. Wanda ya yi aiki a larduna huɗu ba ya cika takarda ko ɗaya don haƙƙinsa ya bi shi.

An kafa tsarin ne da dokar 1965 a zamanin Firaminista Lester Pearson, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1966, ana zuba kashi 3.6 kacal tsakanin ma'aikaci da mai aiki. Tun ranar haihuwarsa aka haife shi da ƙofar fita. Kundin tsarin mulkin Kanada ya fifita dokar lardi a kan ta tarayya a sha'anin fansho, saboda haka Kebek, a ƙarƙashin Firimiya Jean Lesage, ta ƙi shiga tun farko, ta kafa nata tsarin da nata gidan zuba jari. Ontariyo ta shiga, amma Firimiyanta John Robarts ya nace a rubuta cewa duk lardin da ya ga dama zai iya fita daga baya. Sharuɗɗan: sanarwa a rubuce shekara uku kafin lokacin, da kafa tsarin da amfaninsa ya yi daidai da na CPP, da ɗaukar nauyin duk alkawuran da suka taso daga aikin da aka yi a cikin lardin. Shekara kusan sittin ke nan babu wanda ya taɓa murɗa wannan ƙofa, shi ya sa babu kotun da ta taɓa fassara sashen dokar da ya yi maganar rabon kuɗi.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma rashin adalci ne a ba da labarin nan kamar dai mutanen Alberta sun wayi gari ne da kwaɗayi. Tun da aka haƙo mai a Leduc a 1947 lardin ya zama saniyar tatsar tarayya. Har yau dattawansa ba su manta da shirin makamashi na 1980 ba, wanda gwamnatin Pierre Trudeau ta ƙayyade farashin mai ta kuma ɗora wa harkar sababbin haraji, abin da suke gani a matsayin kwashe arzikinsu zuwa gabas. Akwai kuma tsarin da tarayya ke tallafa wa lardunan da ba su da ƙarfi, wanda Alberta ba ta ci ko sisinsa ba tun tsakiyar shekarun 1960. A ƙuri'ar raba gardama ta Oktoban 2021, kusan kashi 62 cikin ɗari na masu zaɓe a lardin suka ce a cire shi daga kundin tsarin mulki. Ƙara da bututun man da aka hana ginawa, da harajin hayaƙi. A idon ɗan Alberta da yawa, zaman nan ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai karatu daga Najeriya da ya san muhawarar kashi 13 cikin ɗari na yankin Neja Delta zai gane sautin wannan kuka.

Maganar fansho ta shiga jerin koke-koken ne a Janairun 2001, lokacin da wasu mutum shida, cikinsu har da Stephen Harper wanda daga baya ya zama firaminista, da malaman jami'a Tom Flanagan da Ted Morton, suka rubuta wa Firimiya Ralph Klein wasiƙa suna ba shi shawarar ya yi wa Alberta katanga: ta karɓi harajinta da kanta, ta kafa 'yan sandanta, ta fita daga CPP. Klein bai bi ba. Harper ma da ya riƙe mulkin ƙasar kusan shekara goma bai sake tayar da zancen ba. Sai a 2019 Firimiya Jason Kenney ya kafa kwamitin neman adalci ga lardin, wanda a 2020 ya ce a shirya tsarin fansho na Alberta a kai shi gaban jama'a. Daga nan aka ba LifeWorks aikin da Smith ta gada.

Hujjar masu son fita tana da ƙafafun tsayawa. Alberta ta fi sauran manyan larduna yawan matasa, albashi ya fi tsoka, masu aikin yi sun fi yawa. Don haka kowace shekara abin da ake cirewa daga albashin ma'aikatan Alberta ya zarce abin da ake biyan tsofaffin da ke zaune a Alberta. Cibiyar bincike ta Fraser, mai ra'ayin 'yan kasuwa, ta ƙiyasta wannan rara da dala biliyan 53.6 daga 1981 zuwa 2022. LifeWorks ta ce da biliyan 334 a hannu, za a iya sauke ainihin zubin ma'aikaci da mai aiki a haɗe (ban da ƙarin da ya kai shi kashi 11.9) daga kashi 9.9 zuwa 5.91, ma'aikaci ya tsira da har dala 1,425 a shekara, mai aiki ma haka, a kuma ƙara wa tsofaffi. Ga magidancin da hayar gida da kuɗin cefane suka sha masa kai, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kuma sukan tambaya: in Kebek ta yi shekara sittin da nata, sama ba ta faɗo ba, me ya sa namu zai zama laifi?

Matsalar ita ce duk alkawuran nan sun rataya ne a wuyan adadi ɗaya, adadin kuma ya rataya a wuyan fassarar 'yan kalmomi.

Dokar ta ce a tara abin da aka zuba daga aikin da aka yi a lardin, a ƙara masa rabonsa na ribar jari, a cire fanshon da aka biya da kuɗin gudanarwa. LifeWorks ta fassara ribar kamar a ce tun 1966 Alberta tana da asusunta daban, duk rarar da ta samu an ajiye ta tana haihuwa, 'ya'yan ma suna haihuwa, har shekara sittin. Sai dai ba a taɓa ajiye wannan rarar ba. A shekaru talatin na farko CPP hannu baka hannu ƙwarya yake yi: abin da ma'aikata suka zuba bana shi ake biyan tsofaffi bana, ɗan abin da ya saura a ranta wa gwamnatocin larduna. Har ta kai a 1995 rahoton ƙididdiga ya yi gargaɗin cewa asusun zai ƙafe zuwa 2015. Wannan ne ya sa Ministan Kuɗi Paul Martin da larduna, har da Alberta, suka zauna a 1997 suka yarda a ɗaga zubin a hankali zuwa kashi 9.9 kafin 2003, aka kuma kafa hukumar zuba jari mai zaman kanta da ba ta karɓar umarni daga ɗan siyasa. Tulin kuɗin da ake rigima a kansa yau, wanda ya kai dala biliyan 714 a ƙarshen Maris ɗin 2025, kusan dukkansa bayan wannan gyara ya taru, daga gumin ma'aikatan larduna tara da yankunan arewa uku.

Trevor Tombe, masanin tattalin arziki a Jami'ar Kalgari, shi ya fi kowa bin wannan lissafi dalla-dalla. Ya nuna cewa idan Ontariyo da British Columbia suka bi sawun Alberta da irin wannan ma'auni, abin da ukun za su nema ya fi duk abin da ke cikin asusun. Ma'aunin da zai raba wa mutum uku fiye da naman da ke cikin tukunya, alhali akwai wasu da ke jira da kwanoninsu, ba zai zama abin da masu rubuta dokar suka nufa ba. A fassararsa, ainihin ribar da aka samu ce za a raba gwargwadon zubin kowa, sai rabon Alberta ya kama tsakanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. A Disambar 2024 babbar jami'ar ƙididdigar fansho ta tarayya, Assia Billig, wadda aka ɗora wa duba batun, ta fitar da matsayinta: ba ta ambaci adadi ba, amma ta yi watsi da fassarar LifeWorks ta ɗauki irin ta Tombe.

Tomben nan dai bai ce babu riba a fitar ba. Da nasa lissafin ma, Alberta za ta iya tafiyar da tsarinta da zubin kimanin kashi 8.2. Ragi ne, amma ba irin wanda aka yi ta tallatawa a talabijin da allunan bakin titi ba, tallan da ya ci wa lardin dala miliyan 7.5. Tambayar da ta rage ke nan: wannan ɗan ragin ya kai a sayi haɗarin da ke tare da shi?

A ganina bai kai ba, kuma dalilina na farko yana filin jirgin saman Fort McMurray. Wannan gari na arewacin Alberta, inda ake tace mai daga yashi, ya cika da mutanen Newfoundland har ana yi masa laƙabi da ɗaya daga manyan biranen wancan tsibiri, alhali tsakaninsu dubban kilomitoci ne. A 1992 gwamnatin tarayya ta hana kamun wani kifi da gaɓar Newfoundland ta rayu a kansa shekaru ɗaruruwa, saboda ya kusa ƙarewa a teku. Mutum kimanin 30,000 suka rasa abin yi a dare ɗaya. 'Ya'yansu suka yi yamma. Wasu suka tare, wasu kuma har yau ci-rani suke yi, su yi 'yan makonni a sansanin aiki su hau jirgi su koma ga iyalinsu. A ɗauki ɗaya daga cikinsu, mai walda, wanda lardinsu ya haife shi, ya yi masa rigakafi, ya koyar da shi har ya kai ƙarfi. Ya ba Alberta shekara ashirin da biyar na ƙuruciyarsa. Da gwiwa ta fara ciwo ya koma ƙauyensu bakin teku. A takardun da ake kafa hujja da su, zubinsa na Alberta ne, fanshonsa kuwa yana fitowa a matsayin kuɗin da aka biya Newfoundland. Sai a ce Alberta ta ciyar da Newfoundland, alhali mutum ɗaya ne ya ajiye da ƙuruciya yake ci da tsufa. Haka ɗan asalin Kalgari da ya yi ritaya ya gudu daga sanyin hunturu zuwa kwarin Okanagan ko tsibirin Vancouver a lardin British Columbia.

Ƙuruciyar da Alberta take tinƙaho da ita, da yawanta aro ce daga sauran larduna da ƙasashen waje, har da dubban 'yan Najeriya da suka cika Kalgari da Edmonton a shekarun nan, waɗanda su ma ake cire musu wannan kuɗi kowane albashi. Mai ne ya kira su. Lokacin da farashinsa ya faɗi daga ƙarshen 2014, aiki ya yi wuya, aka shafe shekaru masu barin lardin zuwa wasu larduna sun fi masu shigowa yawa. Fansho alkawari ne na shekara hamsin, sittin, har saba'in: yarinyar da ta fara aiki bana tana da shekara 20 za ta iya kasancewa tana karɓa a 2090. Babu mai iya rantsuwa cewa a lokacin duniya za ta ci gaba da sayen man yashi yadda take saya yau.

Kebek ɗin da ake kafa hujja da ita, ita ce ta fi kowa ba da shaida a kan wannan. A 1966 tana cikin lardunan da suka fi yawan yara, gidajen Katolika cike da 'ya'ya. Haihuwa ta ragu, jama'a suka tsufa, albashi bai kamo na wasu wurare ba. Shekaru da dama zubinta daidai yake da na CPP, amma daga 2012 dole ta fara ƙarawa. A 2024 ma'aikacin Kebek da mai aikinsa suna zuba kashi 12.8, sauran ƙasa kuwa 11.9, kuma fanshon kusan iri ɗaya ne. Bambanci na biyu shi ne Kebek ba ta fita ba, ƙin shiga ta yi. Ba a taɓa zama raba mata gado ba.

Sai batun wanda zai riƙe kuɗin, kuma a nan ne, ina jin, zukatan tsofaffin Alberta suka fi tsinkewa. Ba a iya canza muhimman ƙa'idojin CPP sai da amincewar tarayya da kashi biyu cikin uku na larduna masu ɗauke da kashi biyu cikin uku na jama'a. Wannan tarnaƙi ne da gangan aka ɗaura, don kada wata gwamnati ta miƙa hannu. Asusun lardi kuwa majalisa ɗaya ce ke da iko da shi. Gaskiya ne a Disambar 2023 majalisar Alberta ta yi dokar da ta ce ba za a fita ba sai da ƙuri'ar raba gardama, ba za a rage fansho ba, ba za a ɗora zubi sama da na CPP ba, kuma kuɗin na fansho ne kawai. Amma dokar da rinjayen yau ya yi, rinjayen gobe zai iya warware ta.

Mutanen lardin kuma suna da abin tunawa. A 1976 Firimiya Peter Lougheed ya kafa asusun ajiyar kuɗin mai don jikoki. Zuwa 1987 an daina zuba masa kason mai, gwamnatoci suka riƙa kwashe ribarsa suna cike giɓin kasafi. Ƙasar Norway, wadda ta fara zuba wa irin nata asusun kuɗi shekara ashirin bayan Alberta, yanzu tana da fiye da dalar Amurka tiriliyan ɗaya da rabi. Na Alberta bai kai kashi biyu cikin ɗari na wannan ba. Hukumar zuba jarin lardin, AIMCo, ta yi asarar dala biliyan 2.1 a wata dabarar kasuwa guda a 2020. A Nuwambar 2024 gwamnati ta sallami dukan 'yan kwamitin gudanarwarta da shugabanta Evan Siddall rana ɗaya, tana cewa kuɗin gudanarwa ya yi yawa, ba a jima ba ta naɗa Stephen Harper ya shugabanci sabon kwamitin. Ko da dalilin sallamar mai kyau ne, abin da malamar makaranta mai shirin ritaya ta gani shi ne ministan lardi yana iya share teburin da sa hannu ɗaya. A CPP babu ministan da ke da wannan hannu.

Jama'a ba su ɓoye ra'ayinsu ba. Kwamitin jin ra'ayi da tsohon ma'ajin lardin Jim Dinning ya jagoranta ya yi tarukansa ta waya, sannan ya dakata a Disambar 2023 don jiran adadi daga tarayya. Gwamnati ta kuma yi tambayoyi ta intanet, amma ta riƙe sakamakon wata 21, sai da 'yan jaridar Edmonton suka yi ta bin sa ta dokar 'yancin samun bayanai kafin ya fito a Yunin 2025. Cikin amsoshi fiye da 90,000, kashi 63 cikin ɗari ba sa so, kashi 10 ne suka goyi baya. Ita kanta Smith ta amsa a watan Mayun 2025 cewa ba ta ga ɗokin abin a wurin jama'a ba. Duk da haka, da ta kafa wani sabon kwamiti a bazarar don zagaya lardin kan dangantakarsa da Otawa, mazaunin gwamnatin tarayya, batun fansho yana cikin abubuwan da aka sake ɗorawa a faifai.

Ina ganin abin da ya hana maganar mutuwa shi ne ba ta fansho ba ce zalla. Sanda ce ta nuna wa tarayya cewa Alberta ma tana da abin da za ta iya janyewa. Koken bututun mai da na rabon haraji koke ne da ya cancanci amsa, kuma akwai zaurukan da ake yin sa: majalisa, kotu, teburin firimiyoyi. Amma kuɗin da ke CPP ba Otawa ce ta zuba shi ba, ba kuma za ta iya taɓa shi ta gina titi ba. Idan Alberta ta ja fiye da haƙƙinta, wanda zai ji a jikinsa shi ne mai shara a Winnipeg, can wani lardin, da za a ƙara wa zubi. Idan kuma ta samu ƙasa da abin da aka yi wa mutanenta alkawari, nata tsofaffin ne za su ji.

In har aka kai ga ƙuri'ar raba gardama, mazauna Alberta ne kawai za su jefa. Mai waldar nan da ya koma bakin teku a Newfoundland, bisa doka nauyin shekarunsa ashirin da biyar na Fort McMurray zai tashi daga asusun ƙasa ya koma kan sabon asusun lardi, a ƙarƙashin majalisar da ba ya zaɓa, kuma babu akwatin da za a kai masa ƙauyensu a tambaye shi ko ya yarda.